Tambayoyi da amsoshi kan ƙari da baƙin cututtuka a jikin kare da alade

Assalamu alaikum. Waɗannan tambayoyin su ne dai kullum ake maimaita mani, wani ya tare ni a bakin asibitin dabbobi nan Katsina, wani ya kira waya da tsakar dare, wani kuma ya turo hoto ta WhatsApp ya ce likita duba mani wannan mi ne ne. Yawanci 'yan farauta ne daga wajajen Daura da Mashi da Mai'adua, sai masu karnukan gadi na cikin gari, sai ɗalibai. Amsa ɗaya-ɗaya ta ishe ni shi ya sa na tara su wuri guda. Wanda kare abin ƙyama ne gare shi ba dole, amma wanda ya ajiye dabba don farauta ko gadi ko kiwo to hakkinta na wuyanshi, kuma wasu cututtukan nan ba a jikin karen kaɗai suke tsayawa ba.

Likita ga hoto na turo, ba za ka iya gaya mani ko mi ne ne ba?

A'a wallahi, kuma duk wanda ya kalli hoto ya rantse maka cewa kansa ce ko ba kansa ba ce to canka ya yi. Ana cewa ido ba mudu ba ya san kima, toh a maganar ƙari idon ma bai sani ba. Ƙullutu biyu za su zo girma ɗaya, laushi ɗaya, wuri ɗaya, guda kitse ne kawai ya taru wanda kare zai tsufa da abinshi, gudan kuma mugun ƙari ne da ya riga ya fara yin rassa zuwa huhu. Ba a raba su sai an ɗebo ɗan abin da ke ciki an shimfiɗa a gilashi an rina an sa a madubin likita an ga kamannin ƙwayoyin naman. Wannan fannin shi ake kira fatoloji, akwai likitocin dabbobi da shi suka ƙware a kai, su ba su cika haɗuwa da mai dabba ba ma, nama da gilashi ake kai masu.

Hoton dai bai tashi a banza ba. Ka ajiye kwalin ashana kusa da ƙullutun ka ɗauka, bayan sati biyu ka sake ɗauka da kwalin, da wannan za mu san ko girma yake da irin saurin da yake yi.

Kenan ba duk ƙullutu ba ne ciwon daji?

Ba duka ba, a nan wajenmu ma da yawa ba shi ba ne. 'Yan kwikwiyo da ake kawo mani jikinsu duk ƙuraje kamar maruru kowanne da ɗan rami a tsakiya, wannan tsutsar wani ƙuda ce da ke yin ƙwai a rairayi mai inuwa inda ake fitsari da kashi, kwikwiyo ya kwanta tsutsar ta huda fata ta shige. Ka toshe ramin da basilin ka ɗan jira ka matsa a hankali za ka ga ta fito fara ƙatuwa. Karen farauta kuma da ƙaya ta soke shi ko ɗan'uwanshi ya cije shi, wurin ya rufe ya tara mugunya, shi da zafi yake zuwa in ka taɓa sai ya yi ƙara. Akwai kunnen da ke cika da jini ya zama kamar ƙosai saboda yawan kaɗa kai, akwai cibiyar da ke turowa waje.

Ko cikin ƙarin ma akwai mai sauƙi. Ƙananan karnuka kan yi wasu tsiro farare a leɓe da cikin baki, bairos ke kawo su, yawanci cikin 'yan watanni suke zubewa da kansu. Akwai wani ja kamar maɓalli da ke fito wa karen da bai kai shekara ukku ba a kunne ko ƙafa, shi ma wata biyu ko ukku ya ɓace. Matsalar ita ce akwai mugu ɗaya da ke kwaikwayon kusan dukkansu, yau ya kumbura gobe ya saɓe mai kare ya ce ai ya warke, shi ya sa na ce a koma amsar farko.

Yaushe ne zan daina jira in kawo shi?

In ƙullutun ya wuce wata ɗaya bai tafi ba, ko yana girma kana gani, ko ya manne da naman ƙasa ba ya motsi in ka tura shi, ko ya fashe ya ƙi warkewa. Haka in ka ji kaluluwa ta fito ƙarƙashin muƙamuƙi da gaban kafaɗa da bayan gwiwa duk lokaci ɗaya ba tare da wani rauni ba, wannan kar ka kwana biyu. Babban kare da ya fara ɗingishi ƙashin ƙafa ya kumbura kusa da gaɓa kuma ba faɗuwa ya yi ba, shi ma hoto yake so da gaggawa.

Na ɗan shafa mashi magani kafin in kawo, akwai matsala?

Ya danganta da abin da kake kira magani. Akwai wani dattijo maharbi da ya zo mani da karenshi cikin buhu a bayan mashin, kare mai kyau ja mai doguwar ƙafa, ya ce ƙari ne ya fito mashi a cinya kamar ƙwan zabo wata biyu da suka wuce. Da na buɗe tsumman abin da na gani baƙi ƙirin ne, gefe ya ƙone ya yi ɓawo tsakiya na tsiyayar ruwa mai wari, ƙudaje har sun yi ƙwai. Na ce Baba mi aka sa? Ya ce ruwan batir ne kaɗan, da bai ji ba aka yi mashi lalas, sannan aka bi da baƙin mai saboda ƙuda. Mun yanko nama mun aika, takarda ta dawo cewa mataccen nama ne da kumburi, ba a ga abin da za a iya sa wa suna ba. Sai da muka yi sati ukku muna wanke ciwon da mu mutane muka jawo kafin muka sake yanka daga gefen da wuta ba ta kai ba.

Don haka ruwan batir, baƙin mai, kanwa, toka, sakiya, ɗaure gindin ƙari da zare ko roba, duk suna ɓata shaidar da ake nema kuma ba su kashe saiwar. Sannan don Allah a daina ba kare maganin ciwon jikin mutane irin su diklofenak da ibuprofen, suna huda mashi ciki su taɓa ƙoda. In ma ka riga ka yi, faɗi gaskiya kawai, ba faɗa za a yi maka ba, sanin abin da aka sa yana taimakon mai karanta gilashin.

Yaya ake ɗebo abin gwajin, sai an yi mashi aiki?

Hanya biyu ce. Ta farko allura ce siririya irin wadda ake yi wa mutane, a soka cikin ƙullutun a ɗan jujjuya a zuƙo, abin da ya shigo bakin allurar a fesa a gilashi a shafe shi da wani gilashin, ya bushe a rina. Minti kaɗan ne, yawanci ba a ma sa kare barci, kuma ita ta fi araha nesa ba kusa ba. Da ita ake gane mugunya, kitse, ƙarin barbara da zan yi bayani a ƙasa, da kansar kaluluwa. Sai dai wani lokacin jini kawai take kawowa, ko ta kawo ƙwayoyin da ba su isa a yanke hukunci ba.

Ta biyu ita ce biyofsi, wato a yanko ɗan nama ko a cire ƙarin gaba ɗaya a aika. Ita sai an kashe wurin ko an sa shi barci. Ta fi tsada ta fi ɗaukar lokaci amma ita ke nuna yadda ƙwayoyin suka zauna da junansu, ko sun tsaya a iyakarsu ko sun kutsa cikin lafiyayyen nama. In ƙarin babba ne ba a ɗauka daga tsakiya don can yawanci ya riga ya mutu, daga baki ake ɗauka a haɗo da ɗan lafiyayyen wuri.

Karena jini na ɗiga daga gabanshi, an ce mani ciwon sanyi ne ko tsargiya. Haka ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce yawa, kuma sau da dama abin da muke samu ƙarin barbara ne, likitoci na ce mashi TVT. In aka janye fatar gaban namiji har can gindi, ko aka duba cikin gaban karya, sai a ga wani nama ja wur kamar zankon zakara, ɓurtsi-ɓurtsi, da an taɓa ya gutsure ya yi jini. Mai karya yakan ɗauka jinin neman namiji ne ya ƙi ɗaukewa, har sai abin ya leƙo waje. Tun da karnuka na shinshina da lasar juna yakan fito a hanci ko baki ma, kare ya yi ta atishawa da haɓo ta hanci ɗaya.

Abin mamakinshi shi ne ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, ƙarin ne da kanshi ke tashi daga jikin wannan ya dasu a jikin wancan lokacin barbara, kamar yadda ake dashen reshe. Ma'ana naman da ke jikin karenka ba nashi ba ne, asalinshi na wani kare ne da ya mutu shekaru dubbai da suka wuce, naman ya yi ta yawo daga kare zuwa kare har ya zaga duniya. Kare yana da kuromosom 78, wato ƙunshin gado da ke cikin kowace ƙwayar nama, ƙwayoyin wannan ƙarin kuwa wajen 59 gare su. Tun 1876 wani likitan dabbobi ɗan Rasha mai suna Novinsky ya nuna ana iya ɗauke shi daga kare a dasa wa wani. A madubi ba ya ɓuya, ƙwayoyi ne kewayayyu manya-manya jikinsu da 'yan ramuka kamar idon masa, ko gilashi ka danna a kan naman ka rina za ka gan su.

Daɗin abin yana jin magani sosai. Allurar binkiristin ake yi ta jijiya sau ɗaya a sati, yawanci sati huɗu zuwa shida ya narke, tun allura ta biyu jinin kan tsaya, a nan ne kuma mutane ke guduwa su ce ya warke sai ya dawo. Yanka kaɗai bai cika raba shi da shi ba. Kar ka yarda wani mai yawo da jaka ya yi maka ita, maganin kansa ne, in ya zuba a wajen jijiya naman wurin ruɓewa yake. A killace karen har ya gama, kuma wanda ba a son ya haihu a yi mashi fiɗiya ya rage bin dare.

Ni ko yarana za mu iya ɗauka?

Ƙarin barbara ba ya kama mutum, haka sauran kansar kare. Abubuwan da ke tsallakowa daban ne: hauka, wadda na ware mata tambayarta a ƙasa, sai ƙazuwa da makero, sai kuma wata 'yar mitsitsiyar tsutsar ciki da kare ke samu in an jefa mashi huhu ko hantar da ke da jakar ruwa daga kwata. Mahauta sun san jakar nan, sukan gan ta a huhun raƙumi da tumaki su yanke su wurga wa karnuka. Karen ba ya nuna komai amma kashinshi na ɗauke da ƙwai, in ya shiga bakin mutum irin wannan jakar ce ke tsirowa a hantarshi ko huhu a hankali shekara da shekaru. Abin da aka yanke aka yar a kwata a binne shi ko a ƙone.

Karyata ta tsufa, ƙullutu ya fito mata a nono

Wannan kar a yi wasa da shi. A karnuka kusan rabin ƙarin nono mugu ne, kuma nonuwan baya na kusa da cinya sun fi yi. Allura ba ta cika raba mai kyau da mugu a nono ba, don haka cirewa ake a aika duka, kuma in ƙullutu ukku ne kowanne a aika shi daban a rubuta daga wane nono, don sukan zo iri daban-daban a jikin karya guda. Kafin a yanka ana so a ɗauki hoton ƙirji, in ya riga ya kai huhu to aikin ba zai warkar ba sai dai rage mata wahala. Cire mahaifa da ƙwai tun kafin karya ta fara neman namiji na farko yana rage wannan ciwon ƙwarai, duk da na san 'yan farauta ba su son jin wannan in karyar mai iri ce.

Yana ci yana dawo da abincin, yana ramewa, na ba shi maganin tsutsa ba canji

Akwai dalilai da yawa amma ga guda da ake mantawa. Wata jar tsutsa ce mai suna Spirocerca lupi, buzuzu ke ɗauke da 'ya'yanta, kare ya ci buzuzun ko ya ci ƙadangare ko kayan cikin kaza da suka ci shi. Daga ciki sai ta bi jikin jijiyar jini ta hau babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, bayan watanni ta sauka a bututun abinci cikin ƙirji ta yi ƙullutu ta zauna ciki. Abinci ya zo wucewa ya tokare, kare ya dawo da shi yadda ya haɗiya ba tare da yunƙurin amai ba. In aka daɗe ƙullutun kan rikiɗe ya zama kansa, wani karen har ƙasusuwan ƙafafunshi su yi kauri, wani kuma jijiyar da tsutsar ta raunata ta fashe ya faɗi nan take a ce an sa mashi guba.

Hoton ƙirji da gwajin kashi ke nuna ta, inda akwai na'urar leƙa maƙoshi ta fi. In an kama da wuri allurai na kashe ta ƙullutun ya saɓe, amma ba ƙwayar tsutsa ta kasuwa da ake ba da sau ɗaya ba.

An cire ƙarin an ba ni in kai, yaya zan riƙe shi?

Nan ne ake yawan asara. Nama da ya bar jiki nan da nan yake fara narkewa, balle a zafin Katsina na watan Afrilu. Cikin fomalin, wato ruwan sinadarin da ke hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 ake tsoma shi take, kuma ruwan ya ninka naman sau 10, ba a cusa ƙaton nama a ɗan ruwa ba. Kaurin yankan kar ya wuce santimita 1 don fomalin a hankali yake ratsawa, in ƙarin babba ne likita zai tsattsaga shi kamar burodi ba tare da ya raba ba. Robar ta zama mai faɗin baki, don na taɓa karɓar nama a kwalbar lemo, ya shiga da laushi ya yi tauri a ciki, sai fasa kwalbar aka yi. A rubuta a jikin robar ba a murfi ba.

Kar a sa a firiza. Ƙanƙara na farfasa ƙwayoyin naman, a madubi sai ka ga kamar tsumman da gara ta ci. Wanda ke cikin fomalin ba ya ma buƙatar sanyi. Gilashin da aka shafa da allura kuma kar a haɗa shi leda ɗaya da robar fomalin, tururin kaɗai na hana shi karɓar rini. Fomalin guba ne, a rufe da kyau a nesanta shi da yara, in mota za a ba a naɗe a leda biyu. Kuma takardar bayani ta bi shi: shekarun kare, mace ko namiji, inda ƙarin yake, tun yaushe, da abin da aka shafa.

Ina ake kaiwa, kuma mi ya sa ake daɗewa?

Mu nan yawanci asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya muke aikawa, akwai kuma na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Cututtuka masu yaɗuwa irin hauka da zazzaɓin aladu kuwa Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato ce uwa, tana can tun 1924. Ka bi ta hannun likitan dabbobi mai rajista, shi ya san wanda zai karɓa.

Daɗewar ba wulaƙanci ba ne. Naman zai kwana ɗaya ko biyu a fomalin, a zaɓi inda za a yanka, a bi da shi cikin sinadarai a tsotse ruwan jikinshi, a zuba mashi narkakken kaki irin na kyandir ya daskare, sannan a sa a injin da ke fere shi siriri fiye da fatar albasa, kaurin maikron 3 zuwa 5, a ɗora a gilashi a rina da shuɗi da ja. In ƙashi ne sai an jiƙa shi ya yi laushi tukuna, wannan kaɗai kan ci kwanaki. Haɗa da hanya da wutar lantarki, ka sa ran sati ɗaya zuwa ukku.

Takarda ta dawo da Turanci, mi zan duba?

Kalma biyu ka fara nema. Benign na nufin ƙarin da ke zaune wurinshi ba ya yaɗo, malignant shi ne mugun. Sunan da ya ƙare da carcinoma ko sarcoma mugu ne. A kula da lipoma da lymphoma, a baki kamar ɗaya suke, na farko kitse ne kawai na biyu kuwa kansar kaluluwa ce, na ga wanda ya yi kwana biyu bai ci abinci ba saboda ya karanta wannan a madadin wancan. Sai ka duba abin da aka ce game da bakin yanka, in an rubuta ƙwayoyin sun kai har bakin to an bar saura a jiki kuma zai iya dawowa. In aka ce ba a samu abin yanke hukunci ba, koma tambayar shafa magani da ta fomalin, yawanci a can matsalar take.

Karena lafiya lau da dare, da safe na tarar da shi a mace. Maƙwabci nake zargi

Kafin ka ɓata zumunci bari a buɗe shi. Guba na faruwa ba musu, mai sa dalala da karkarwa irin maganin ƙwari, da maganin ɓera mai tsinka jini wanda sai bayan kwana ukku zuwa biyar yake nunawa ka buɗe ka tarar da jini kwance a ƙirji. Amma sau nawa muna buɗewa mu ga ƙari ne a saifa ya fashe ciki ya cika da jini, ko tumbi ya murɗe ya kumbura a manyan karnukan gadi da ake cika wa kwano sau ɗaya a yini, ko cutar kaska ta mai da nama rawaya saifa ta yi girma, ko zafi ne ya kashe karen da aka ɗaure a rana, ko tsutsar buzuzun da na faɗa a sama.

A kawo shi cikin 'yan awanni, a inuwa, in da hali a kewaye shi da ƙanƙara a buhu, ba firiza ba. Abin da ke cikin tumbi da ragowar abincin da ake zargi su kam ana iya daskarar da su don gwajin guba. Kar ka feɗe da kanka. Musamman in mushen kowace dabba ce ka ga baƙin jini mara daskarewa na fita ta hanci da baki da dubura, ba a buɗe wannan sam, ana tsoron cutar saifa wadda ke kama mutum, an tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja a watan Yulin 2023. Kar a bar karnuka su ci irin wannan mushen, a kira ma'aikatan dabbobi.

Ya canza hali ya ciji yaro, mun kashe shi. Za a iya gane ko mahaukaci ne?

Fara da yaron. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a tafi asibiti ranar a fara allurar rigakafi, kar a jira sakamakon kowane gwaji, don hauka in alamunta suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Gashin karen da ake ƙonawa a shafa a ciwon ba ya hana komai.

Gwajin a ƙwaƙwalwa ake yin shi, shi ya sa in an rotse kan da sanda an ɓata abin dubawa. Ma'aikaci ne zai cire kan da safar hannu, a sa a leda biyu cikin kular sanyi mai ƙanƙara a aika. A nan fomalin ba ya shiga, saɓanin abin da na faɗa a kan ƙari, ɗanya ake so mai sanyi. In kuwa karen na da rai kuma ana iya kulle shi ba tare da wani ya shiga haɗari ba, a kulle a sa mashi ido kwana 10. Ba kowane mahaukacin kare ke bin mutane da cizo ba, wani shiru yake yi baki a sake yawu na zuba kamar ƙashi ya maƙale mashi, kar ka sa hannu ka ce za ka ciro.

Su kuma aladu da ke mutuwa rututu fa?

Masu kiwonsu kaɗan ne a nan, tambayar ta fi zuwa daga ɗalibai da abokan aiki na kudancin Kaduna inda babbar kasuwarsu take a Kafanchan, amma likitan dabbobi ba ya zaɓen majiyyaci. In aladu manya da ƙanana suka kama zazzaɓi, kunnuwa da ciki suka yi ja-ja ko shuɗi-shuɗi, suka fara zubewa cikin 'yan kwanaki, zazzaɓin aladu na Afirka ake fara zargi. A Kenya aka fara bayyana shi a 1921, ya barke a Najeriya a 1997, a 2020 kuma ya yi mummunar ɓarna a gonar Oke-Aro da ke iyakar Legas da Ogun. In an buɗe ana ganin saifa ta yi girma ta yi baƙi, kaluluwar ciki kamar gudan jini, ƙoda da ɗige-ɗigen ja. Tabbatarwa sai an aika saifa da kaluluwa da jini cikin ƙanƙara zuwa Vom.

Ba ya kama mutum, ba shi kuma da magani. Bairos ɗin na daɗewa a nama da takalma da motar dako, mugun dawa na ɗauke da shi ba tare da ya yi ciwo ba. Abin da ya fi yaɗa shi shi ne mai garke ya ga sun fara mutuwa ya yi maza ya kai sauran kasuwa.

An ce ana ganin wasu farare kamar shinkafa a naman alade, ƙari ne?

Ba ƙari ba ne, 'ya'yan tsutsar ciki ce mai faɗi, kowacce cikin 'yar jakar ruwa, an fi ganinsu a harshe da zuciya da naman muƙamuƙi. Aladen da ke yawo yana cin bayan gidan mutane shi ke samu. Wanda ya ci naman bai dahu ba tsutsar ta girma a hanjinshi, ƙwanta ya riƙa fita a bayan gidanshi, kuma nan ne abin ya shafi kowa: wanda bai taɓa kusantar alade ba in ƙwan ya shiga bakinshi ta ruwa ko ganye ko hannun mai abinci, jakar na iya zama a ƙwaƙwalwarshi ta jawo farfaɗiya.

Ƙari na gaske bai cika bayyana a alade ba don yawanci ana yanka su da ƙuruciya. Waɗanda aka fi gani su ne kansar kaluluwa, da wani farin ƙari a ƙodar ƙanana wanda sai an buɗe ake cin karo da shi, da baƙin ƙari na fata. Riƙon naman gwajinsu daidai yake da na kare, a duba tambayar fomalin.